Zuwa ga 'yan'uwa masu bi na Legas: a daina tambayar mai ciwo laifin me ya yi

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu daga nan Ingila, inda sanyi ke ratsa mutum har ƙashi. Ina gaida iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, iyayena na Zumuntar Mata, matasa da 'yan kwaya, tun daga Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende har Ojo, da ku 'yan'uwa masu gadi a Lekki da Ikoyi da ba kowace Lahadi oga ke barinku ku fito sujada ba. Ya gosulo, ya tsadar rayuwa? Toh Allah ya ba mu haƙuri.

Abinda yasa na zauna nake wannan dogon rubutu a waya shine halin da muke nuna wa ɗan'uwa in masifa ta faɗo masa rana tsaka. Wajen zuwa gaisuwa kam ba a fi mu ba, kafin kace me an cika ɗaki da fulas ɗin kunu da lemo, amma fa bamu iya kama bakinmu ba. Mutum na kwance hankalinsa bai gama dawowa ba an riga an buɗe kotu a bakin ƙofa, wai yana fidda zakka kuwa, ai ya kwana biyu ba a ganinsa a addu'ar safe, ko dai jifa aka yi masa daga ƙauye tunda ya fara gini, wata ma tace ai dama matar farar ƙafa ce da ita. Kuma duk da sunan ruhaniya ake wannan maganar.

Da yawanku kun san ɗan'uwan nan namu mai okada, bazan kira suna ba. Rikicin Boko Haram ne ya koro shi daga kudancin Borno, ya zo Legas da mata da yara ba ko tabarma, ya fara da gadi har ya haɗa kuɗin mashin. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jiha ta hana okada kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Mainland, mashin ɗin da aka kama kuma murƙushe shi ake yi ba wai a biya tara a karɓo ba. Nasa na ciki. Ya ci bashi ya ɗauko wani yana biya sati-sati, ya koma can bayan gari inda ba a hana ba, kafin ya gama biya tirela ta bi ta kan ƙafarsa ta dama. A asibitin ƙashi na Igbobi aka yanke ta ƙasan gwiwa.

Lokacin ina Legas ban taho ba, mun je duba shi da wasu iyaye mata. Matarsa a baranda take kwana kan kwali, jaririya a baya, ledar magani da rasit-rasit a ƙulle a bakin zani, ƙafafunta sun kumbura dan tsayuwa. Shi kuma in ya manta sai ya kai hannu zai sosa tafin ƙafar da babu, sai hannun ya sauka kan zanin gado, ya yi shiru. Muna nan zaune wani mutum ya shigo da kwat da ƙaramar kwalbar mai, ba faston mu bane, irin masu bin gado-gado ne, ya yi addu'a da ƙarfi har marasa lafiyan gefe suka farka, da ya gama sai ya miƙa wa matar ambulan yace akwai tsohuwar la'ana a gidansu, sai an shuka iri, wato an sa kuɗi a ambulan ɗin, kafin ta karye. Matar da ko kuɗin wankin ciwo na gobe bata da shi! Mijin bai ce uffan ba, ya juya fuska bango kawai. Wata mama cikinmu, Allah ya yi mata albarka, ta tashi ta karɓi ambulan ɗin ta mayar masa a aljihun kwat tace "ɗana, je ka shuka a gidanku."

Ni dai abinda ke ban mamaki shine Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun 1932, kakanninmu a ciki suka koyi karatu, kuma wannan tambayar ta waye ya yi zunubi an riga an amsa ta ba sau ɗaya ba. Abokan Ayuba su uku, Elifaz da Bildad da Zofar, da farko sun yi abin kirki, kwana bakwai dare da rana suna zaune da shi a ƙasa ba wanda ya ce komai saboda sun ga ciwon ya yi yawa. Ranar da suka buɗe baki ne abu ya lalace, sura bayan sura suna tono masa laifin da bai yi ba, kuma maganarsu in ka karanta kamar wa'azi mai kyau, cike da sunan Allah. Amma ku duba sura 42, da su Allah ya yi fushi, yace basu faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, Ayuban nan da ya la'anci ranar haihuwarsa a sura 3. Sai da Ayuba ya yi musu addu'a. A Yahaya sura 9 ma almajirai sun ga makaho tun haihuwa suka tambaya shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu yace ba shi ba, ba iyayensa ba.

Mu 'yan Legas ma bai kamata sai an koya mana wannan ba. Wanda ya kai shekaru zai tuna 27 ga Janairu 2002, da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi, mutane suka ruga a guje basu san ina suka nufa ba har suka afka cikin kanal na Oke-Afa da ciyawa ta rufe samansa, sama da mutum 1,000 suka rasu, da yawa yara ne. Ranar Lahadi ce fa. Akwai waɗanda da safe suna coci sun yi waƙa sun ba da baiko. Zamu ce sun fi mu zunubi ne? Yesu ya yi irin wannan tambayar a Luka 13 kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu, kuma da kansa ya amsa yace a'a.

Wani abin kuma da muke yi shine hana mutum kuka. Da ya fara hawaye sai a ce haba, kai da kake mai bi, ina bangaskiyarka, ka gode wa Allah da ba a ce rai ba. Gaskiya ne akwai abin godiya, amma ba kai mai ƙafa biyu zaka tuna masa ba a satin farko. Na'omi da ta koma Baitalami ba miji ba 'ya'ya ce wa matan gari ta yi kar su ƙara kiranta Na'omi, su kira ta Mara, dan Mai Iko Dukka ya sa rayuwarta ta yi ɗaci, kuma ba a cire ayar daga Littafi ba. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, da duhu ta ƙare, bata juya ta zama yabo ba. Yesu ya san zai ta da Li'azaru amma sai da ya yi kuka a wurin. Mai cewa Allah me yasa ka yi min haka ai da Allah yake magana har yanzu, ni wanda ya yi tsit ya daina zuwa saboda kunyar idon mutane shi yafi ban tsoro.

Sai maganar shaida. Ku lura da waɗanda muke ba makirufo ranar godiya, wanda ya samu biza, wadda ta haihu bayan shekara goma, wanda ya tsira daga haɗari ko ƙwarzane babu. Madalla, muna murna da su. Amma mai sandar guragu da ke bencin baya me yake ji? Ji yake kamar shi addu'arsa ce bata kai ba. Alhali Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, alheri aka ce ya ishe shi. Rabaran Lawan Andimi na cocin EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika a jihar Adamawa, duk Najeriya an yi masa addu'a da azumi da 'yan Boko Haram suka kama shi a Janairun 2020, mun ga bidiyonsa yana magana cikin natsuwa, kuma kashe shi suka yi. Akwai wanda zai iya buɗe baki yace bangaskiyarsa ce ta kasa?

Nima nan na ɗanɗana kaɗan. Da bizar aikin kula da tsofaffi na zo, na sayar da kayan ɗakina na ci bashi, ina cikin aiki sai labari ya zo an ƙwace lasisin kamfanin da ya ɗauko mu. Dokar nan kuwa in haka ta faru kwana 60 ake ba mutum ya samu wani kamfanin da zai tsaya masa ko ya tattara ya bar ƙasa. Da na faɗa a gida, saƙon murya na farko da ya shigo min cewa yake maƙiya ne basa son cigabana, in turo kuɗi a yi min addu'a ta musamman a kan dutse. Wane maƙiyi? A layin neman aikin nan akwai 'yan Indiya, 'yan Zimbabuwe, Musulmi da Kirista da masu bin Hindu, duk takarda iri ɗaya aka aiko mana. Wadda ta riƙe ni a lokacin wata tsohuwar Baturiya ce a cocin da nake zuwa, bata taɓa tambayata komai ba, duk Lahadi zata saƙala min leda da burodi da madara da gwangwanin wake, ta zauna da ni a kwamfuta muna cike fom, in na yi kuka ta dafa shayi ta barni in gama. Na samu wani aikin daga baya, akwai waɗanda basu samu ba kuma sun fi ni addu'a.

Shi yasa nake roƙon iyayenmu fastoci da dattawa mu duba inda ƙarfinmu ke tafiya. Satin farko kowa na zuwa, wata na huɗu fa? Lokacin ne mai gida ke buga ƙofa yana neman hayar shekara, makaranta ta koro yara, mai mashin na neman cikon kuɗinsa duk da mashin ɗin ya zama kwangiri, abokan aiki sun daina kira. Matar ɗan'uwan nan da na faɗa, wani Alhaji mai albasa a Mile 12 ne ya fara bata kaya bashi tana kasawa a bakin titi, in ta sayar ta biya, kuma bai tambaye ta addininta ba balle zakka. Abin ya kamata ya ɗan sosa mana rai. Yakubu sura 2 cewa ya yi in ɗan'uwa na cikin yunwa da tsiraici ka sallame shi da fatan alheri ba tare da ka ba shi komai ba, me amfanin? Ikilisiyar farko da aka samu gunaguni kan abincin gwauraye bata kira taron azumi ba, mutum bakwai ta zaɓa aka ɗora musu aikin rabo, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 6.

Muna iya tara miliyoyi na tayil da janareta da ankon bikin girbi, toh a ware asusu ɗaya da ba a taɓawa sai irin wannan rana, a sa mutane masu amana da riƙon sirri a kai, mace da namiji, kuma dan Allah kar a hau bagade a sanar an ba wane naira kaza, talauci ma ya ishe shi. Zumuntar Mata su raba watanni, kowa ta san watan da zata leƙa, tunda zumunta a ƙafa take. Matasa masu waya a hannu su taya neman inda ake yin ƙafar roba da nawa ne, a taya mutum samun ɗan teburin POS ko kanti da zai zauna a ciki. Mu da muke waje mu ma ku sa mu a lissafi, ba wai kuɗi muke shara a titi ba, amma in an buɗe asusun da sunan ikilisiya ba na mutum ɗaya ba, akwai mu da yawa a nan da zamu dinga turo namu duk ƙarshen wata.

A gaida yara da duk mutanen gida.

Taku cikin Ubangiji,
'yar'uwarku daga Ingila