Abin da ke faruwa kafin yaro ya zube ƙasa yana birgima

Ba na jin akwai ɗan shekara biyun da ke tashi da safe da niyyar ƙona wa uwarsa rai. Amma in ka ji yadda ake maganarsu sai ka ɗauka da gangan suke yi: wannan akwai taurin kai, wancan fitinanne ne, wannan kuwa an sangarta shi. Ni dai ina da biyu, babbar tana shekara biyar, ƙaramin bai daɗe da wuce biyu da rabi ba, kuma abin da zama da su ya nuna mini shi ne birgima ba haka kawai take zuwa ba. Yawanci ta riga ta taso tun awa ɗaya ko biyu kafin yaron ya zube ƙasa.

Ƙaramin nan yanzu yana kan gaɓar "ni zan yi". Ni zan sa takalmi, ni zan buɗe ƙofa, ni zan zuba ruwa. Sai ya zauna ya tura ƙafar hagu cikin takalmin dama, harshe a waje, yana nishi. Idan da safe ne, ya yi barci ya ƙoshi, takalmin ya ƙi shiga, sai ya cire ya juya shi ya sake gwadawa, wani lokaci ma ya miƙo mini ya ce "Mama, sa." Idan kuwa da yamma ne, ranar da bai yi barcin rana ba, ko hannu na kai kusa da takalmin shi ke nan. Ya yi jifa da shi, ya gantsare, ya kifa goshi a ƙasa, ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe. Yaro ɗaya ne, takalmi ɗaya, uwa ɗaya. Barcin ne kawai ya bambanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A ciki an ce ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana, ɗan uku zuwa huɗu kuma awa 10 zuwa 13. Ki zauna ki lissafa na naki, daga lokacin da ido ya rufe na gaske, ba lokacin da aka ce a je a kwanta ba. Gidaje da yawa za su tarar akwai giɓi. Abin da ke ruɗar da mutane shi ne yaron da ya gaji ba ya kama da wanda ya gaji. Babba in ya gaji sai ya yi laushi. Yaro kuwa sai ya ƙara wuta, ya hau kujera ya duro, ya yi ta ƙyalƙyala dariyar da ba ta da dalili. Nawa in ya fara tuntuɓe da ƙafarsa yana jan kunne, na san saura kaɗan. Yunwa ma haka take yi, sai dai ita ta fi sauƙin ganewa.

Sai maganar ƙwaƙwalwa. Sashen gaba, wanda ke bayan goshi, shi ne ke sa mutum ya danne fushi, ya jira, ya tuna abin da zai biyo baya. Shi ne kuma na ƙarshe wajen kammala girma, sai mutum ya haura shekara ashirin. To ina ga ɗan wata talatin? Fushin nasa cikakke ne, abin riƙe fushin ne bai gama haɗuwa ba. Shi ya sa ba na ɓata bakina da nasiha a tsakiyar ihu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da yake birgima aikina kawai in kawar da abin da zai ji masa ciwo, in zauna kusa, in yi shiru ko in ce "Ina nan." Koyarwar sai bayan ya sauko, ya hau cinyata yana ajiyar zuciya.

A nan ne nake sa masa kalmomi a baki, domin rabin rigimar rashin magana ce. Yaro yana fahimtar abin da ya fi wanda zai iya faɗa nesa ba kusa ba. A wajen shekara biyu ne yawanci yake fara haɗa kalma biyu, alhali abin da ke cikinsa ya fi kalma biyu. Sai in ce, "Ka ji haushi, ko? Kana so ka sa da kanka, takalmin ya ƙi." Sai ya kalle ni ya gyaɗa kai, hawaye shaɓe-shaɓe. Kwanan nan ya fara cewa "haushi" da kansa kafin ya jefar da abu. Ba kullum ba. Amma ya fara.

Kada a ɗauka wannan na nufin ba shi abin da yake so. In almakashi ya ɗauko, an karɓe ke nan, ya yi kukansa ya gama. Idan na ce a'a kuma ihu ya sa na janye, na koya masa cewa ihu yana aiki, gobe zai ƙara ƙarfi. Abin da nake ragewa shi ne yawan a'ar. Abin da ba shi da haɗari ina barinsa, kuma inda zai yiwu ina ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da duk na yarda da su: riga ja ko shuɗiya, wanka kafin tatsuniya ko bayanta. Ya fita da takalmi a juye ma ba komai, ƙafarsa za ta gaya masa.

Mafi wuya shi ne a cikin mutane. Ido ya yi maka caa, kowa da shawararsa, kuma yawancin shawarar ita ce a ɗan tsula masa. Na san duka yana tsayar da kuka nan take, tsoro ne ke tsayar da shi. Amma a 2016 wasu masu bincike biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken shekaru kusan hamsin da ya shafi yara fiye da 160,000, suka ga dukan ladabtarwa ba ya zuwa da gyaran hali, sai ma yana tafiya tare da ƙarin faɗa da ƙin jin magana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2018 ta shawarci iyaye su bar shi. Ni ko ba bincike, ba na ganin yadda zan mari hannunsa ina cewa kada ya daki yayarsa.

Akwai wani gwaji da masanin halayyar yara Edward Tronick ya yi a shekarun 1970. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska, kada ta yi murmushi, kada ta amsa, na ɗan lokaci kaɗan. Jaririn ya yi murmushi, ya nuna abu, ya yi ƙara, duk don ya dawo da ita, in ya kasa sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Duk wanda ya taɓa ganin fuskar mutum yana duba waya ya san irin fuskar. Ana yawan magana kan wayar da ke hannun yaro, kuma da gaskiya, ƙa'idojin 2019 ɗin sun ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada ya zauna kallon allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Amma wayar da ke hannun babba ita ma tana cikin lissafi. Yaron da ya kira sau uku a hankali ba a ɗago ba, na huɗun da kofi zai yi jifa.

Abu ɗaya da nake so kowace uwa ta sani tun kafin ta gani shi ne shiɗewa. Babbar tawa ta yi shi tana ƙarama. Ta buɗe baki za ta yi kuka, sautin bai fito ba, leɓɓanta suka yi shuɗi, jikinta ya saki a hannuna. Bai kai minti ɗaya ba ta ja numfashi ta dawo, amma ni ƙafafuna sun daɗe suna rawa. Ba da gangan yaro ke yi ba, jikinsa ne ke yi. A kwantar da shi a gefensa, kada a jijjiga shi, kada a sa masa komai a baki. Karon farko a kai shi likita ya duba, a tabbatar ba wani abu ba ne, a kuma auna jininsa, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana da alaƙa da shi, kuma magance shi kan rage yawan faruwarsa. Yawancin yara suna dainawa kafin shekara shida.

Ba kowace rigima ce barci da haƙuri ke warwarewa ba. Idan yaro ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ba ya nuna abu da yatsa don ki gani tare da shi, ko ya daina faɗin kalmomin da ya riga ya iya, kada a zauna ana cewa zai yi in lokacinsa ya yi. Haka ma in birgimar tana ɗaukar lokaci mai tsawo kusan kullum, ko yana ji wa kansa ciwo sosai. A je a ga likitan yara, kuma a nemi a gwada jinsa, domin ruwa kan taru a bayan dodon kunne bayan yawan mura, ya rage ji na tsawon watanni ba tare da yaron ya yi kukan ciwon kunne ba.