Kwamfuta ta nuna P2716? Kar a yi saurin sauke giya

Abinda ke ci min tuwo a ƙwarya a harkar gyaran giya otomatik shi ne yanke hukunci tun ba a ɗauko mitar auna wuta ba. Mota ta fara buga giya, ka saka D ka ji ƙum kamar an dake ta ta baya, wutar cek ta kama, a jona kwamfuta ta kawo P2716 ko P0748, shikenan sai ka ji ana cewa "Alhaji giyar nan fa ta tafi, sai dai a nemo ta Beljiyam a kasuwar Kofar Ruwa." Haba jama'a. Lambar nan maganar wuta take yi, ba ta ce kulocin ciki ya cinye ba.

Bari in yi misali da Camry masul mai silinda huɗu, ta 2007 zuwa 2009, tunda ita ta cika mana gari. Giyarta U250E ce mai canji biyar, a cikinta akwai solinoyid da ake kira SLT, aikinsa daidaita ƙarfin matsin man giya. Shi dai naɗin waya ne da ɗan bawul, burenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, na turo masa wuta tana kunnawa tana kashewa da sauri, gwargwadon raguwar wutar gwargwadon ƙaruwar matsin. Idan wutar ta yanke gaba ɗaya matsin sai ya tafi ƙololuwa, kuma da gangan aka yi shi haka don kar kuloci ya riƙa sulɓewa ya ƙone. Kun ga kenan bugun da ke tsorata mai mota, giyar ce ke kare kanta.

Lambobin ma sun bambanta, a nan ake yawan cakuɗa su. P2716 na SLT ne, P0748 na SL1, P0778 na SL2, P0798 na SL3 (waɗannan ukun wasu solinoyid ne a cikin giyar), duk suna nufin layin wuta ya yanke ko ya yi shot. Amma P2714 ko P0746 wannan wani zance ne daban, wuta na zuwa amma aikin bai fita ba, ko bawul ya maƙale ko mai ya yi datti ko ya yi ƙasa. Ba hanyarsu ɗaya ba sam.

Ni daga waje nake farawa. Batir tukuna, da kan batir, da wayar at, wato ta nagetif, da ke kama jikin giya, don in ta yi tsatsa ko ta saki za ka ga lambobi kala-kala na ƙarya. Daga nan sai soket ɗin da ke jikin giya, kuma wallahi a nan nake daɗewa. Cire shi ka haska da tocila. Za ka iya tarar da fil ya yi kore saboda ruwan wankin inji, ko mai ya biyo waya ya cika soket ɗin, ko wani ya taɓa tura tsinken gwaji ya buɗa bakin fil ɗin har ba ya kamawa sosai, ga kuma ɓera idan mota ta jima a ajiye, zai gwaguyi waya a lungun da ido ba ya kaiwa sai ka bi da hannu.

Sai mita. A kashe mota, a zare soket, a saka mitar a om, wato ma'aunin juriyar waya ga wuta. Ka fara haɗa bakin wayoyin mitar biyu ka ga nawa take nunawa, don mitocin nan masu araha sukan ƙara 0.3 ko fiye, kuma abinda muke nema ƙanƙani ne: Toyota ta ce 5.0 zuwa 5.6 om idan solinoyid ɗin yana da sanyi, wajen digiri 20. Da zafi adadin na ɗan hawa, kar wannan ya ruɗe ka, balle a ranar Afrilu. Idan mita ta nuna a yanke yake ko ta faɗo kusa da sifili, matsalar na ciki. Sannan a gwada kowane fil da jikin giya, bai kamata a samu hanya ba.

Idan nan ya fita lafiya a mayar da soket, a koma wajen burenbos a zare nata a sake auna layin daga can. Ka samu 5 da ɗoriya a jikin giya amma daga can babu, to waya ce tsakani, kuɗinta bai kai na man giya galan ɗaya ba. Kana aunawa ka sa yaro ya riƙa girgiza wayoyin, mai yi tana bari haka ake kama ta. Wata kuma sai mota ta yi zafi take nunawa, sai a auna bayan an zaga da ita.

Ko ciki ne ma ba sai an sauke giya ba. A zubar da mai, a cire faifan ƙasa, akwai ƴan wayoyi daga soket zuwa solinoyid da zafin mai ke busar da su, a auna solinoyid ɗin shi kaɗai kafin a ce ya mutu. Dan Allah ƴan uwana rewaya, a daina ɗora masa batir kai tsaye don a ji ƙas. Bolt 12 a kan om 5 ya haura amfiya 2, ka ɗan jima ka gasa shi. Littafin Toyota cewa ya yi a sa ƙwan fitila mai wat 21 a tsakani.

Burenbos ita ce ƙarshen zargi, sai komai ya fita tas, don tsadarta da wahalar saita makulli ba wasa ba. In an gama a zuba man giyar Toyota mai suna WS, banda wanda aka ga dama, a goge lambar, a hau titi har giya ta yi zafi ta shiga duk canjinta biyar, sannan a sake jona kwamfuta kafin a miƙa wa mai mota makullinsa.