Goga har sai kumfar ta fito fara

Makonnina na farko a aikin wankin mota, taya ce abin da nake yi wa aikin gaggawa. In watsa mata ruwa, in lafta man ƙyalli, ta yi baƙi wul, mai mota ya tafi yana murna. Bayan kwana uku sai ga motar ta dawo, gefen tayar ya koma ruwan ƙasa, ga ɗigon mai ya fantsama a jikin fenti. Maigidana bai yi mini faɗa ba. Buroshi mai tauri ya miƙo mini, ya ce, "Yaro, goga har sai kumfar ta fito fara."

Sai da na yi zagaye uku. Kumfar farko kamar ruwan taɓo, ta biyu ta ɗan washe, a ta uku ne robar ta nuna ainihin launinta, baƙi mai laushi marar sheƙi.

Daga baya na fahimci cewa wannan launin ba ƙura ce kaɗai ba. Masu ƙera taya suna cakuɗa wani sinadari mai suna 6PPD a cikin robar domin ya kare ta daga iskar ozon, wadda ke tsattsaga roba. A hankali yake tasowa zuwa fatar tayar, in ya haɗu da iska sai ya yi ruwan ƙasa. Ashe tayar kanta take karewa, ni kuma ina binne wannan da tsohon mai da ƙurar birki a ƙarƙashin sabon shafi. Yanzu sai ta bushe sarai nake ɗiga man a kan soso, in shafa kaɗan, in share ragowar da tsumma. Na fi son wanda aka haɗa da ruwa. Ƙyallinsa bai kai na mai maiƙo ba, amma ba ya jan ƙura sosai.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganin ana shafa wa roba baƙin mai ko kalanzir. Robar bakin ƙofa da ta gilashi galibi nau'in EPDM ce, tana jure rana da ruwa, amma duk man da ya fito daga fetur kumbura ta yake yi ta saki. Ruwan sabulu, sai ɗan silikon ko gilisarin, ya ishe ta. Fuskar tayar da ke taka ƙasa kuwa, da faifan birki, ko ɗigon mai ba na bari ya taɓa su. Tayar babur ma sam ba na shafa mata komai, domin a kan gefenta yake kwanciya in ya sha kwana.

Durƙuso da buroshi ya sa na fara ganin abin da mai motar ba ya gani: ƙananan tsaga, ƙusa, ƙullutu a gefe. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta. Misali, 2316 na nufin mako na 23 a shekarar 2016. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a canja taya in ta cika shekara 10, ko da tana da kyan gani. Rannan na wanke wata da ta wuce haka, tsaga ta zagaye gefenta. Na ajiye soson, na kira mai motar na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka duba wannan kafin in shafa mata komai."