Wasiƙa Daga Shikago: Faifan Da Ake Yi Wa Wanka

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Muna lafiya, a gaida kowa da kowa. Tambayoyinku ba sa wuce uku: yaya sanyi, ina aka kwana a maganar takardar zama, sannan me mutum yake yi da dare a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe biyar. Zan taɓa duka, amma bari in fara da ta ƙarshe.

Ina da maƙwabci, wani dattijo baƙar fata da ya yi ritaya daga tuƙin bas. Ya kira ni shan shayi, ashe faifai zai sa mini. Faifan garmaho fa, wanda muka yar tun zuwan kaset. A nan bai mutu ba. A 2022 ma faifan da aka sayar a Amurka ya fi CD yawa, abin da rabon a gani tun 1987.

Kafin mu ji ko da sauti ɗaya sai da shayina ya huce. Ya zaro faifan yana riƙe da gefe-gefe, wai maiƙon yatsa yana kama ƙura. Ya ɗora shi a wata na'ura, ya ɗiga tataccen ruwa, ya goga da burushi mai laushi, na'urar ta zuƙe ruwan. Wanka sosai, kamar na jariri ranar suna. Sannan ya ɗauko ɗan ƙaramin sikeli ya auna nauyin da allurar ke saukewa a kan faifan, wajen giram 2. Na ce, "Baba, duk wannan don waƙa?" Ya ɗora yatsa a baki, ya nuna mini kujerar da ke tsakiyar lasifika biyu daidai.

Billie Holiday ce, shahararriyar mawaƙiyar Amurka, a faifanta Lady in Satin. An ɗauki muryar a Fabrairun 1958 a birnin New York, a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Columbia wanda asalinsa coci ne. Ray Ellis ya tsara kiɗan, masu goge irin na Turawa birjik a bayanta, kiɗa a hankali, ba gaggawa. Muryar kuwa ta riga ta dishe. Ciwo da shaye-shaye sun cinye ta, kuma a Yulin 1959 ta rasu tana da shekara 44. Gogen yana tafiya sumul, ita tana tsattsagewa a kansa. Wallahi har jan numfashinta kafin ta kama baiti ina ji. Ba duk kalmomin nake kamawa ba, amma wanda ya taɓa jin tsohuwar zabiya da murya ta fara guje mata tana riƙe da waƙarta ya san abin da nake nufi.

Nasa ba bugun 1958 ba ne, sabon bugu ne na masu tsananin son tsabtar sauti. Irin wannan ana komawa ne ga ainihin tef ɗin da aka naɗa, a sake yanka layukan sautin da allura ke bi, a buga su a faifai mai nauyin giram 180. Wasu ma ana yin su don su juya sau 45 a minti maimakon 33, saboda allurar ta bi layi mai tsawo a kowace daƙiƙa, sautin ya fi fita tas. Sai dai gefe ɗaya ba ya wuce minti goma da wani abu, don haka kundin da ya saba zama faifai ɗaya sai ya koma biyu, kuɗin ya haura dala 50, mutum kuma yana ta tashi yana juyawa. Maganar nauyin faifan nan dai a ganina rabinta alfahari ne. Da na matsa masa, shi ma ya yarda cewa hannun mai yankan ya fi nauyin robar muhimmanci.

Masu cewa na zo Amurka na koma sauraron kiɗa, na ji ku. Amma ku leƙa ƙarƙashin gadon tsofaffinmu da bayan adaka. Faifayen mawaƙanmu na da, waɗanda aka buga a Legas, suna nan jibge, yara na wasan mota da su. Duk wanda ya samu, ya jera su a tsaye, kada ya kwantar da su wani kan wani. A nisanta su da rana da ɗakin kwano, don zafi yana lanƙwasa su, in sun lanƙwashe kuma shi ke nan. A sa su a leda saboda ƙurar hunturu. Masu kaurin nan na zamanin farko, masu juyi 78, faɗuwa ɗaya suke yi su tarwatse, a bi su a sannu. Kada kuma a gwada su da allurar ɗinki, na san halinmu.

Sanyi kuwa sai dai addu'a, kunne kamar ba naka ba. Takardar zama suna nan suna cewa in jira wasiƙa, ina jira. Mai tahowa nan kusa ya taho mini da yaji da kuka, nawa sun ƙare.