Wakilai uku a kwamfuta ɗaya, da ranar da farashin gona ya fita

Kawuna dillalin dankalin turawa ne a Farin Gada, nan cikin Jos. Daga Bokkos da Mangu ake sauke masa kaya, shi kuma ya loda wa masu saye a Kano da Abuja. Shekara da shekaru lissafinsa a wani littafi mai bangon kwali yake, wayarsa kuwa tun sallar asuba ba ta hutawa. Da na kammala karatu na dawo gida, sai aka miƙa mini wayar da littafin baki ɗaya. Nauyin nan ne ya sa na ɗora wa kwamfutata wakilan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da za ka ba su aiki su bi matakansa da kansu: su buɗe fayil, su yi rubutu, su aika saƙo, ba sai ka tsaya a kansu ba.

Uku na haɗa. Ɗaya yana amsa saƙonnin masu saye, ɗaya yana shigar da lissafin buhuna da kuɗin mota da na 'yan dako, na ukun kuma yana rubuta takardar kaya da Turanci ga masu otal a Abuja. Kowanne da umarninsa daban. Kwamfutar ta hannu ce, na saye ta a wajen Terminus, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da take kai, giga 16, na sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Makonni biyun farko komai ya tafi sumul, har na saki jiki.

Wata Laraba wata Hajiya da ke sari a hannunmu daga Abuja ta turo tana tambayar kuɗin buhu ashirin. Wakilin saƙo ya gaishe ta cikin ladabi, ya faɗa mata farashi, sannan ya ƙara da yadda muka sayo buhun a gona da abin da muka biya direba. Ina zaune a kan benci a bakin rumfa, hannuna cikin aljihun rigar sanyi, sai na ga Kawu ya ɗago waya daga kunnensa yana kallona. Hajiyar ce ta kira shi, tana karanto masa ribarsa da bakinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na rubuta wa wakilin nan ƙarara cewa kada ya taɓa faɗin farashin gona. Da na bincika da daddare na gane inda gizo ke saƙar. Duka ukun a ƙarƙashin sunana ɗaya suke aiki a kwamfutar, foldarsu ɗaya, kuma fayil ɗin da suke ajiye abin da za su tuna shi ma ɗaya ne. Mai lissafi ya rubuta farashin gona a ciki da safe, mai saƙo ya karanta da rana, ya ɗauka bayani ne da zai amfani mai tambaya. Da na yi wa Kawu bayani, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Ɗana, abin da ba ka so baƙo ya gani, ba roƙonsa ake yi ya kau da kai ba. Ɗakin ake kullewa."

Washegari na rushe tsarin na sake gini. Na buɗe wa kowane wakili sunan mai amfani nasa a Linux, na sa kowanne a kwantenarsa ta Docker, wato keɓantaccen ɗaki a cikin kwamfutar, ba ya ganin komai sai foldar da na haɗa masa da hannuna. Mai saƙo fayil ɗaya tak yake gani daga ɓangaren kuɗi, na farashin sayarwa na ranar, kuma karantawa kawai zai iya, ba zai iya gyara ko harafi ba. Ni nake rubuta fayil ɗin bayan Kawu ya yanke farashi. Ko da wani ya yaudare shi da daɗin baki ya ce ya fito da lissafinmu, babu abin a gabansa balle ya fitar. Na kuma hana shi aika duk saƙon da ke da adadin kuɗi sai na duba na amince. Hakan na rage masa sauri, amma na yarda da jinkirin.

Sauran matsalolin ba su kai wannan zafi ba. Da farko na so kowanne ya samu samfurin harshensa, wato ƙwaƙwalwar da yake fahimtar magana da ba da amsa da ita, a cikin kwamfutar, sai na ga ƙaramin samfurin da ake kira Llama, ko an matse shi, yana cin wajen giga 5 na RAM. Ka ɗora biyu ka buɗe burauza, kwamfuta ta sandare, Linux ya kashe wanda ya fi cin wuri ba sallama. Yanzu Ollama ɗaya ke gudana, wato manhajar da ke tafiyar da samfurin a kwamfutar, mai lissafi da mai takarda suna bin layi a kansa. In ya yi minti biyar ba a neme shi ba yakan sauke samfurin, shi ya sa amsar farko ke daɗewa. Lissafin kansa ban bar wa samfurin ba, domin yana iya kuskuren tarawa da cikakken ƙarfin gwiwa. Aikinsa ya fahimci abin da na rubuta, wata 'yar manhaja ta Python ta yi tarawar.

Hausar ƙananan samfuran nan ba ta gamsar da ni ba, don haka mai saƙo ta intanet yake aiki da babban samfuri na biya. A nan ma na sha. Wani dare ya shiga maimaita aiki ɗaya ba tsayawa, kafin gari ya waye kuɗin da na zuba ya ƙare. Tun daga ranar kowane wakili da mabuɗinsa, wato lambar sirrin da yake shiga samfurin biya da ita, kowane mabuɗi da iyakar abin da zai kashe.

Sai batun wuta. Sanyin Jos na taimakon kwamfutar, da wuya ta yi zafi, amma batirinta ya tsufa. Rannan aka ɗauke wuta mai lissafi na tsakiyar shigar da kayan wata mota daga Mangu, da ya farfaɗo sai ya sake shigar da su daga farko, buhuna suka ninka a lissafi. Yanzu kowace shigarwa da lambarta, in ya tarar da lambar sai ya wuce.

Littafin Kawu mai bangon kwali yana nan bai yi ritaya ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan zauna, shi da littafinsa ni da kwamfutata, yana karanto adadi ina dubawa. Hajiyar Abuja ta ci gaba da saye a hannunmu, sai dai har yau in ana ciniki takan ce, "Alhaji, ai na san yadda ka sayo."