Laraba, ranar karɓar sakamakon jinin Baba

Sanyin Jos yau ba sauƙi. Bayan sallar asuba na naɗe Baba da rigar sanyi da hirami, muka tari keke daga Anguwan Rogo zuwa asibiti. Da ƙafarsa ya taka har ofishin likita bai tsaya haki ba, mutumin da a bara saboda ciwon zuciya sai an jingina shi da filo yake iya barci.

Likitar ta buɗe takarda, ta ɗora yatsa kan layin da aka rubuta NT-proBNP. Ta ce idan zuciya ta raunana, jini ya taru yana matsa wa bangonta, sai ta riƙa sakin wannan sinadari, iya wahalarta iya yawansa a jini. Na mai lafiya yawanci bai kai 125 ba. Lokacin da aka kwantar da Baba ƙafafu a kumbure, nasa ya haura 5,000. Yau 1,400. Na ce alhamdu lillahi a fili, har ma'aikaciyar jinya ta waigo.

Burin likitar ya sauko ƙasa da 1,000, don waɗanda nasu ya sauka haka ba su cika komawa gadon asibiti ba. Amma ta ja kunnena kada in riƙe lamba ɗaya kamar ita ce komai. Tsufa na ɗaga ta, haka ciwon ƙoda da bugun zuciya marar tsari, ƙiba kuma tana rage ta. Shi ya sa ta duba aikin ƙodarsa da sinadarin potashiyam na jininsa, tunda yana shan spironolactone, maganin zuciya mai iya ɗaga potashiyam, ta duba ko jininsa ya yi ƙasa.

Baba ya ce, "Likita, rai dai a hannun Allah yake." Ta ce, "Haka ne, Baba. Mu namu neman sababi ne."

Abin da ya tsaya mini a rai wata mai jego ce da muka zauna benci ɗaya. Yarinya ce ƙarama, zuciyarta ta raunana bayan haihuwa, tana numfashi da ƙyar, jaririn na hannun uwarta. An rubuta mata gwajin nan, suka ji kuɗinsa, uwar ta ninke takardar ta cusa a jaka. Gwajin da zai nuna wa likita wanda ke cikin haɗari tun kafin ruwa ya cika masa huhu bai kamata ya gagari talaka ba. Wallahi abin ya dame ni.

Da yamma na sake roƙon Inna ta rage gishiri da magi, kanwa kuma a bar ta kwata-kwata. Na ajiye sikeli bakin gadon Baba don awon nauyinsa kowace safiya, a gane ko ruwa na taruwa masa a jiki. Na kira Yaya a Abuja kan kuɗin gwaji na gaba, ya ce zai turo ƙarshen wata.