Wasiƙa daga Jamus: Zaɓen Hanyar Mota Zuwa Duwatsun Ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'ar Kano, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu. Muna gaishe ku daga kudancin Jamus. Ya gida, ya kasuwa, ya sanyin hunturu?

Duk shekara in Disamba ta kama, 'yan uwa da ke zuwa nan, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu ziyartar 'ya'yansu, sukan so a kai su duwatsun Alps su ga wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, masu ƙarfin hali ma su gwada. Sai a ɗauki motar haya, a buɗe taswirar waya, a bi duk inda ta nuna. Daga nan matsala take farawa. Waya nisa da mintuna take lissafawa, ba ruwanta da tudun da ke gabanka ko irin tayar da ke ƙafar motarka.

Mu ɗauki tafiyar da aka fi yi, daga Munik zuwa Innsbruck a Ostiriya. (A allon hanya München za ku ga an rubuta, kada ku yi ta neman wani gari.) Hanya biyu ce. Ta farko babban titi ne tun daga tashi har sauka: A8, sai A93 zuwa Kufstein, sai A12 da ke bin kwarin kogin Inn. Wajen kilomita 160 ce, kusan tafiyar Kano zuwa Zariya. Ta biyu ta bi A95 zuwa Garmisch-Partenkirchen, ta ratsa Mittenwald da Seefeld, ta sauko ta gangaren Zirler Berg. Ta fi gajarta, kuma ta fi kyan gani. Amma gangaren nan yakan kai kashi 16 cikin 100, wato a kowace mita 100 titi na sauka da mita 16, har an yi masa hanyoyin tsira a gefe saboda motar da birki ya ƙwace mata. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo da dare, ya ƙiyasta shi da santsin ƙanƙara a kai. Baƙo, ko da ya shekara talatin yana tuƙi, ya bi ta Kufstein. Babban titi shi ake fara sharewa a watsa masa gishiri, kuma a ƙasa-ƙasa yake tafiya, inda dusar ba ta cika kwantawa ba.

Akwai hanyoyin da ake rufewa gaba ɗaya da sanyi sai ƙarshen bazara: Stelvio a Italiya mai tsayin mita 2,757, Furka da Grimsel da Susten a Suwizalan, Grossglockner a Ostiriya, Iseran da Galibier a Faransa. A takarda za ka ga garuruwa biyu maƙwabta, alhali da sanyi sai an zagaye dutse na awanni. Inda aka huda dutse, a bi ta ramin. Na Mont Blanc tsakanin Chamonix a Faransa da Courmayeur a Italiya kilomita 11.6 ne, na Gotthard a Suwizalan kusan 17. Shi kuwa garin Zermatt na Suwizalan ba a shiga da motar gida sam, a Täsch ake ajiye ta a ƙarasa da jirgin ƙasa.

Ranar tafiya ma zaɓen hanya ce. Masaukan wuraren wasan galibi Asabar zuwa Asabar suke ba da ɗaki, don haka masu tafiya da masu zuwa rana ɗaya suke haɗuwa a titi. Hanyar Fernpass, mai hawa dutse a jihar Tirol ta Ostiriya, ranar Asabar cikin Fabrairu, gosulon Kantin Kwari ana jajiberin sallah wasa ne a kanta. Kada kuma a ce za a yi wayo a ratse ta ƙauyuka, domin jihar Tirol takan hana masu wucewa sauka daga manyan hanyoyi a irin waɗannan ranaku, 'yan sanda za su juyo da kai. Masu nufin Italiya ta Brenner, mashigar dutse da ke kan iyakarta da Ostiriya, su sani tun Janairun 2025 aikin gadar Lueg ya matse titin, yawancin ranaku layi ɗaya ne kowane hannu. In da hali a tashi Talata ko Laraba. In dole sai Asabar, a kama hanya da asuba. A Disamba wajen ƙarfe huɗu da rabi an yi magariba, a lissafa yadda za a gama hawan ƙarshe da sauran haske.

Kuɗin titi ba ya da wuya. Ostiriya da Suwizalan sai da shaidar biya kafin a hau babban titi. Ta Suwizalan faran 40 ce a kuɗin ƙasar, ta shekara kawai ake sayarwa ko kwana ɗaya za ka yi. Ostiriya tana da ta kwana goma, a saya tun kafin a tsallaka iyaka. Brenner da ramin Arlberg kuɗinsu daban. Faransa da Italiya tolget ne.

Yanzu ga inda ya fi muhimmanci, kilomita goma ko ashirin na ƙarshe, daga kwari zuwa ƙauyen da ke sama. Nan ne taya take magana. Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka durƙusa ka duba gefen tayar: ana neman hoton dutse mai kai uku da alamar ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Ostiriya na wajabta tayar sanyi daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu duk lokacin da titi ke da ƙanƙara, zanen tayar kuma kada ya gaza milimita 4. A yankunan duwatsun Faransa dokar daga 1 ga Nuwamba ce zuwa 31 ga Maris. Robar tayar zafi takan sandare in sanyi ya yi tsanani, ta daina riƙe kwalta, ko sabuwa ce fil.

Sai sarƙa. In ka ga shuɗin allo zagayayye da hoton taya cikin sarƙa, wajibi ne a ɗaura. A tayoyin da injin ke juyawa ake sa ta, a yawancin ƙananan motoci na gaba ke nan. A gwada ɗaurawa sau ɗaya a inda aka ajiye mota, da rana, hannu na da ɗumi, domin koyon ta a bakin dutse cikin duhu da yatsu a daskare ba ƙaramin aiki ba ne. Bayan an ɗaura a ɗan matsa gaba kaɗan, a tsaya a ƙara ɗaure ta tamau. Sakakkiyar sarƙa takan tsinke ta daki tiyon birki. Kada a wuce gudun kilomita 50, kuma da an fito baƙar kwalta a cire.

A gangara a sa giya ta biyu, injin ya riƙe motar. Mai danne birki tun daga sama zai tarar ya yi zafi ya daina ci a daidai kwanar da ake buƙatarsa. Totur da sitiyari duk a hankali. A kula da gadoji da wuraren inuwa, nan ruwa ke fara daskarewa, ya yi shara-shara har ka zaci kwalta ce jiƙaƙƙiya. Kada a zuba zallar ruwa a tankin wanke gilashi, daskarewa zai yi, ga gishirin titi na rufe maka gani. Akwai ruwan musamman a kowane gidan mai. Motar dizal a cika ta kusa da duwatsu, inda ake sayar da man da ke jure sanyi, don na ƙasashe masu ɗumi yakan yi kauri ya toshe matata.

In gosulo ya tsaya a babban titin Jamus ko Ostiriya, na layin hagu ya matsa hagu, sauran su matsa dama, a bar tsakiya ga motar asibiti. Doka ce, da tara a kanta. Lambar neman agaji 112 ce a duk ƙasashen nan. A but kuma a ajiye bargo, safar hannu, tocila, ƙaramin shebur da fulas ɗin shayi.

A gaida mutanen gida. Wassalam.